Iska, Ruwa da Mazauni: Tasirin Muhalli a Kan Lafiya a Ilmin Likitancin Girkawan Dauri

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda likitocin ƙasar Girka, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa, suka fahimci dangantakar da ke tsakanin lafiyar ɗan Adam da wurin da yake zaune, kimanin shekara 2,400 da suka wuce. Abin da ake nufi da muhalli a nan shi ne iskar da mutum ke shaƙa, da ruwan da yake sha, da irin ƙasar da aka kafa garinsa a kanta, da kuma sauyawar lokutan shekara. Ya kamata a lura tun da farko cewa iskar da za a yi ta ambata ita ce wadda ke kaɗawa ana shaƙa. Ba ta da alaƙa da iskokin da Bahaushe kan danganta wa wasu cututtuka.

Za a dogara galibi a kan wani ɗan littafi mai babi 24, wanda ma'anar sunansa ita ce "Iska, Ruwa da Wurare". An rubuta shi a wajejen ƙarshen ƙarni na 5 kafin Miladiyya (K.M.), kuma yana cikin littattafai kimanin 60 da ake jingina wa Hifokiratis, likitan da aka haifa a tsibirin Kos a wajejen shekara ta 460 K.M., wanda Larabawa suka sani da sunan Buƙuraɗu. Masana sun tabbatar cewa mutane da yawa ne suka rubuta littattafan nan a lokuta daban-daban, daga baya aka tattara su a Iskandariyya ta Masar a ƙarƙashin sunansa. Saboda haka a nan gaba za a riƙa cewa "marubucin" kawai.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa abubuwan da waɗannan likitoci suka lura da su da idonsu sun tabbata har yau, alhali kuwa dalilan da suka kawo don bayyana su sun rushe, kuma akwai darasi a cikin duka biyun.

2.0 Yadda Aka Ɗauki Cuta Kafin Zuwan Wannan Tunani

Girkawan farko sun ɗauki annoba a matsayin fushin gumakansu. A farkon waƙar Iliyad ta Homa, gunkin da suke kira Afolo ne ya harbi rundunar Girkawa da kibau na cuta saboda an wulaƙanta mai yi masa hidima, kuma annobar ba ta kau ba sai da aka yi yanka aka ba shi haƙuri. Haka kuma marasa lafiya sukan tafi ɗakin bautar Askilifiyos, kamar wanda ke garin Efidauros, su kwana a can da fatar a nuna musu magani a mafarki. Wannan al'ada ta ci gaba har bayan zamanin Hifokiratis, kafaɗa da kafaɗa da aikin likitoci.

Amma tun wajejen farkon ƙarni na 5 K.M. wani masani mai suna Alkamiyon, mutumin Kuroton a kudancin Italiya, ya ce lafiya ita ce daidaituwar zafi da sanyi da danshi da bushewa a jiki, cuta kuwa ita ce ɗayansu ya mamaye sauran, kuma ruwan sha ko wurin zama na iya jawo haka. Wani littafin kuma, wanda ya yi magana a kan farfaɗiya, ya ƙaryata masu kiranta cutar gumaka. Ya ce tushenta a ƙwaƙwalwa yake, tana da sababi kamar kowace cuta, kuma takan tashi idan iska ta juya, musamman iskar kudu.

3.0 Ruwaye Huɗu da Lokuta Huɗu

Ba za a gane maganar muhalli ba sai an san yadda suka ɗauki jikin mutum. Littafin da ake kira "Ɗabi'ar Ɗan Adam" ya ce jiki ya ƙunshi ruwaye huɗu, watau jini, da majina, da ruwan maɗaciya rawaya, da kuma baƙi. Su ne littattafan ɗibbu na Larabci ke kira dam, da balgam, da safra'u, da sauda'u. Idan huɗun nan suka gauraya daidai wa daida mutum yana lafiya. Idan ɗaya ya yi yawa, ko ya ƙaranta, ko ya taru a wuri guda, sai ciwo ya kama shi.

An danganta kowane ruwa da lokacinsa a shekara. A nan wajibi ne a tuna cewa shekarar ƙasar Girka ta saɓa wa ta ƙasar Hausa, domin a can ruwan sama da ɗari tare suke zuwa, lokacin zafi kuwa shi ne lokacin fari. Majina, mai sanyi da danshi, takan yi yawa a lokacin ɗari. Jini yakan yi yawa a lokacin tsiro, wanda ke biye da ɗari. Ruwan maɗaciya rawaya yakan yi ƙarfi a lokacin zafi, baƙin kuma a lokacin kaka. To, tun da yake ruwayen jiki suna bin zafi da sanyi da danshi na waje, duk abin da ya sauya yanayin wuri lalle ne ya sauya lafiyar mazaunansa. Wannan littafi ya kuma kafa wata ƙa'ida: idan mutane da yawa, manya da yara, maza da mata, suka kamu da cuta iri ɗaya a lokaci guda, to, a nemi sababin a abin da suka yi tarayya a kai, watau iska. Idan kuwa cututtukan sun sha bamban, a duba cimar kowa da yadda yake tafiyar da rayuwarsa.

4.0 Iska da Fuskar Gari

Likitocin wancan zamani mafi yawansu matafiya ne, sukan bi gari-gari suna neman marasa lafiya. Babu wata hukuma da ke ba likita takardar shaida, saboda haka abin da zai sa a amince da baƙon likita shi ne ya faɗi irin cututtukan da ke damun garin tun kafin a gaya masa. Don irin wannan likita aka rubuta rabin farko na littafin. An umarce shi, idan ya sauka a garin da bai sani ba, ya duba inda garin ya fuskanta, da iskar da ke kaɗa shi, da ruwan da ake sha, da ko ƙasar fili ce busasshiya ko mai itatuwa da ruwa, ko tana kan tudu ko cikin kwari, sa'an nan ya duba ko mutanen masu yawan ci da sha ne da zaman banza, ko kuwa masu aikin ƙarfi ne.

Marubucin ya kasa garuruwa kashi huɗu. Garin da ke buɗe ga iskar kudu mai zafi, ruwansa yakan kasance kusa da bisa, da ɗan gishiri-gishiri. Mutanensa majina kan yi musu yawa, tana gangarowa daga ka ta ɓata musu ciki, sai gudawa da atuni su yawaita, mata su riƙa ɓari, yara kuma su yi fama da fuka da shiɗewa. Garin da ke buɗe ga iskar arewa mai sanyi, mutanensa ƙarfafa ne marasa ƙiba, sun fi tsawon rai, amma ciwon haƙarƙari da ciwon ido da haɓo sukan dame su, haihuwa kuma takan yi wa matansu wuya. Garin da ya fuskanci gabas shi ne mafi lafiya, domin hantsi yana kore hazo ya tsarkake ruwa. Mafi muni shi ne wanda ya fuskanci yamma, inda hazo ke daɗewa da safe, sa'an nan ranar yamma ta gasa mutane, har a sami sanyi da zafi masu tsanani a yini guda.

Mai karatu zai lura cewa wannan rabo ya cika tsari ainun, alamar an fara da ƙa'ida ne sa'an nan aka cusa garuruwa a ciki. Duk da haka, tambayar da aka koya wa likita ya yi, watau ina garin yake kuma me ke kewaye da shi, ita ce ta zama gado.

5.0 Ruwan Sha

A kan ruwa ne littafin ya fi nuna kaifin lura. Mafi sharrin ruwa a wurin marubucin shi ne na fadama da na tafki wanda ba ya gudu. Ya ce masu shansa saifarsu takan kumbura ta yi tauri, kafaɗunsu da fuskokinsu su rame, da zafi kuma atuni da gudawa su kama su, tare da zazzaɓi mai daɗewa wanda ke tsallake kwana biyu ya dawo, daga ƙarshe ciki ya tara ruwa, da yawa su mutu. Na biye da shi a muni shi ne ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga dutse, ko daga ƙasa mai ƙarfe ko tagulla ko farar wuta ko kanwa, domin yana da nauyi, yana ɗaure ciki. Mafi kyau shi ne wanda ke gangarowa daga tuddai masu ƙasa, musamman idan idon ruwan ya fuskanci mafitar rana.

Ruwan sama, in ji shi, ya fi kowane sauƙi da daɗi, amma yana saurin lalacewa, saboda haka a tafasa shi kafin a sha. Ruwan manyan koguna da tafkuna, inda ruwaye iri-iri suka haɗu, yakan bar laka da yashi, shi ya sa masu shansa ke fama da tsakuwar mafitsara da ciwon ƙoda. Ya ƙara da cewa yara maza sun fi mata kamuwa da tsakuwa, domin hanyar fitsarin mace gajera ce mai faɗi.

Game da ruwan ƙanƙara kuwa, har gwaji ya bayar. Ya ce a auna ruwa a zuba a mazubi, a ajiye a waje da daren ɗari ya daskare, kashegari a shigar da shi ɗaki ya narke, a sake aunawa, za a tarar ya ragu. Ya fassara wannan da cewa sashen ruwan mafi sauƙi da kyau ne ya tafi, mai nauyin ya saura, don haka ruwan ƙanƙara ba shi da amfani ga jiki. Raguwar tana iya aukuwa, tun da wani abu daga ruwan yakan bi iska, amma wanda ya saura bai sauya ba. Ga misali ƙarami na awo mai kyau da aka ɗora wa fassara marar tushe.

6.0 Lokutan Shekara da Rubuta Abin da Aka Gani

Littafin ya nace cewa sanin taurari wajibi ne ga likita. Manufarsa ita ce lissafin lokaci, domin kowane garin Girka yana da nasa sunayen watanni, amma fitowar taurari ɗaya ce ga kowa. An ja hankalin likita ga ranakun da dare da rana ke daidaita, da ranakun da rana ke juyawa, da fitowar tauraron da Girkawa ke kira Kare, Larabawa kuma Shi'ira, da kuma faɗuwar Kaza da 'ya'yanta. An gargaɗe shi kada ya ba da maganin wankin ciki, ko ya yi lalas ko yanka a ciki, sai kwana 10 sun wuce bayan babban sauyin yanayi.

A littattafai na 1 da na 3 na jerin da ake kira "Annoba" an ga yadda aka yi aiki da wannan koyarwa. Likitan da ya zauna a tsibirin Tasos ya rubuta yadda iska da ruwan sama suka kasance a shekara, sa'an nan ya biyo da cututtukan da suka auku. A wata shekara ya ce da lokacin tsiro ya shigo mutane da yawa sun sami kumburi a gefen kunne, ɗaya ko duka biyu, wasu kuma daga baya ya sauka ga maraina, kuma samari masu zuwa filin kokawa da motsa jiki ya fi kamawa, mata kaɗan ne suka kamu. Duk likitan yau da ya karanta wannan zai gane hangum ne. Littattafan biyu sun kuma ƙunshi labarin majinyata 42, kwana bi kwana, kuma 25 daga cikinsu mutuwa suka yi. Likitan bai ɓoye ba.

7.0 Daga Cuta Zuwa Halayen Al'ummai

Rabin littafin na biyu ya bar ɗakin jinya ya koma kwatanta mutanen Asiya da na Turai. Sashen da ya yi magana a kan Masar da Libiya ya ɓata. Marubucin ya siffanta mazauna bakin kogin Fasis, a gabashin Bahar Aswad, cikin ƙasar Jojiya ta yau. Ƙasarsu fadama ce mai yawan ruwan sama da hazo, gidajensu na itace da kara a kan ruwa suke, da kwalekwale suke zirga-zirga, jikinsu ya yi ƙiba, fatarsu kuma ta yi rawaya kamar masu shawara.

Ya kuma kawo labarin Sikitiyawa, makiyayan da ke zaune cikin kekunan shanu a arewacin wannan teku. Wasu mazansu sukan rasa ƙarfin namiji, sai su sa tufafin mata, jama'a kuma su ce aikin gumaka ne. Marubucin ya ce yawan hawan doki ne sababi, tare da yanke jijiyar bayan kunne da suke yi don magani. Hujjarsa ita ce cutar ta fi kama attajirai masu dawaki, waɗanda su ne ke iya yi wa gumaka yanka. Da a ce fushin gumaka ne, ai da matalauta ya kamata ta fi kamawa. Maganar jijiya ba daidai ba ce, amma duba wane rukunin jama'a cuta ta fi kamawa hanya ce da ake bi har yau.

Sai dai a nan ne kuma tunanin ya zame. Marubucin ya ce mutanen Asiya ba su da zafin nama wajen yaƙi domin yanayinsu ba ya sauyawa sosai, Turawa kuwa sauyin yanayi mai tsanani ya sa suka zama jarumai. An rubuta wannan ne bayan Girkawa sun ci rundunar Farisa a 480 da 479 K.M., kuma alfaharin nasarar ya fito fili. Adalcin da za a yi masa shi ne ya kawo dalili na biyu, cewa mutumin da ke ƙarƙashin sarki mai danniya ba zai so ya mutu don amfanin wani ba, kuma mutanen Asiya masu mulkin kansu jarumai ne. Waɗanda suka biyo baya sun fi riƙe dalili na farko. Aristo ya yi amfani da shi ya ce Girkawa ne suka dace da mulkin sauran al'ummai, Bafaranshen nan Montesquieu ya farfaɗo da shi a 1748, kuma masu kare bauta da mulkin mallaka sun jefi mutanen ƙasashe masu zafi da shi. Babu wata hujja ta kimiyya da ke goyon bayansa.

8.0 Inda Suka Dace da Inda Suka Kauce

Kumburin saifa, da rama, da zazzaɓi mai zuwa yana dawowa a wurin mazauna fadama, alamomin zazzaɓin cizon sauro ne. Girkawa sun rarrabe zazzaɓi mai tsallake kwana ɗaya da mai tsallake kwana biyu, kuma yanzu an san cewa wannan ya yi daidai da sa'a 48 ko 72 da ƙwayar cutar ke ɗauka kafin ta fasa ƙwayoyin jini. Sun gane wurin, sun gane lokacin, amma suka ɗora laifin a kan shan ruwan. Waɗanda suka zo bayansu suka ɗora shi a kan warin fadama, har Italiyawa suka raɗa wa cutar sunan maleriya, watau mummunar iska. Sai a 1880 likita Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin wani majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Fadama dai tana da hannu, amma ta hanyar sauron da ke ƙyanƙyashewa a cikinta. Atuni da gudawa kuwa lalle daga gurɓataccen ruwan sha suke, kamar yadda suka zata.

Babban giɓin da ke cikin koyarwarsu shi ne rashin kula da yaɗuwar cuta daga mutum zuwa mutum. Likitan Tasos ya ga hangum ya fi kama samarin da ke cuɗanya wuri guda, amma yanayin shekara ya sa a gaba. Wanda ya rubuta wannan al'amari a sarari ɗan tarihi ne, Tusididis, a labarin annobar da ta faɗa wa birnin Atina a 430 K.M., lokacin da yaƙi ya koro mutanen karkara suka cunkushe a cikin ganuwa. Ya lura cewa likitoci da masu jinya sun fi mutuwa saboda kusantar marasa lafiya, kuma wanda ya warke cutar ba ta sake kashe shi.

9.0 Hanyar da Wannan Ilmi Ya Bi

Jalinusu, wanda aka haifa a 129 Miladiyya, ya yi wa littafin sharhi. Asalin sharhin na Girkanci ya ɓata, fassarar Larabci ce ta tsare shi, daga aikin Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, da almajiransa a Bagadaza. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sa iska a farkon abubuwa shida da lafiya ta dogara a kansu, sauran su ne ci da sha, motsi da hutu, barci da farkawa, fitar da abin da ke ciki da riƙe shi, da kuma halin zuciya. A ƙarni na 11 likita Ibn Ridwan ya auna Masar da wannan ma'auni, ya soki yadda mutanen Fusɗaɗ ke zuba ƙazanta a kogin Nilu alhali daga nan suke sha. Ta littattafan ɗibbu na Larabci ne maganar ɗabi'u huɗu ta iso hannun malaman ƙasar Hausa.

A Turai ma tunanin ya yi aiki har ƙarni na 19. A 1854 likita John Snow ya bi gida-gida a wata unguwa ta Landan, ya nuna cewa waɗanda kwalara ta kashe daga famfo ɗaya suke ɗiban ruwa. Mahukunta ba su gamsu nan da nan ba. Tsoron wari ne ya sa suka gina manyan magudanun ƙazanta bayan 1858, amma da ƙazantar ta rabu da ruwan sha sai kwalara ta kau daga birnin.

10.0 Kammalawa

An ga yadda likitocin Girka suka mai da neman sababin cuta ga iska da ruwa da ƙasa da lokaci, da yadda abin da suka gani ya tabbata ko da yake maganar ruwaye huɗu ta faɗi bayan gano ƙwayoyin cuta. An kuma ga ɓarnar da ta biyo baya sa'ad da aka ɗauki ƙa'idar da aka kafa don cuta aka yanke wa al'ummai hukunci da ita ba tare da awo ba. Ga ɗalibi, abin riƙewa shi ne ya rarrabe abin da ya gani da fassarar da ya yi masa, ya rubuta na farkon da gaskiya ko da bai yi masa daɗi ba. Ga ma'aikacin hukuma kuwa, wanda ke yanka filaye, ko zaɓen wurin haƙa rijiya, ko ba da kwangilar magudanar ruwa, lissafin da aka ba baƙon likita ya shafe shi kai tsaye, domin shawarar da ya yanke a ofis ita ke ƙayyade ruwan da jama'a za su sha da irin wurin da za su kwana, tun kafin wani daga cikinsu ya je asibiti.